Yaron Gidan Ɗaso

Ga ta nan tafe gare ku, ku gyara zama.

Ta iso, muna saurare.

To, labarin wata yarinya ce a Makka, sunanta Shifa. Na ce yarinya, amma fa shekararta ashirin da shida, ta gama jami'a, ta karanci aikin kwamfuta. A unguwar Utaibiyya aka haife ta, a wani bene mai hawa uku, mai matsattsen matakala, wanda in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya manne da bango. Mahaifinta Dawuda, Allah ya jiƙansa, jikan alhazai ne, a nan aka haife shi, ɗan ƙasa ne da takardunsa. Uwarta Zubaidatu kuwa daga baya ta zo, daga Ɗambatta. Aikin Hajji ya kawo ta, aure ya riƙe ta. Har gobe da iƙama, wato takardar izinin zama, take zaune, tana tuyar masa da asuba tana kai wa wani shago a unguwar Mansur.

Shifa Larabci ya fi zama a bakinta. Hausar tana nan, tana ji sarai, tana mayarwa, amma in ranta ya ɓaci sai Hausar ta gudu ta bar ta da Larabcin Hijaz tsagwaronsa.

Wata shida tana zaune ba aiki, tun da aka rufe shagon wayoyin da take yi wa lissafi. Sai ga wani kamfani a unguwar Shisha yana neman ma'aikata. Aikinsu kula da bayanan alhazai: sunan mutum, lambar fasfonsa, masaukinsa, har ciwon da yake fama da shi. Shifa ta yi jarrabawa ta ci, ta yi ganawa suka yaba, har suka yi murna da tana jin Hausa. Saura abu ɗaya, tantancewar tsaro. Ba a ba mutum mabuɗin sirrin dubban bayin Allah sai an bincika shi wane ne.

Aka ba ta takarda shafi shida ta cike. Ana bin ki bashi? Ta rubuta e, akwai na taƙsiɗ, wato wanda ake biya wata-wata. 'Yan'uwa na ciki ɗaya? Ta rubuta babu, ita kaɗai ce. Dangi a ƙasar waje? Ta rubuta yayar mahaifiyarta, Ɗaso, a Ɗambatta, da ɗan Ɗaso, Mukhtaru. Ta sa hannu da zuciya ɗaya.

Bayan sati uku aka kira ta. Mai tantancewar mace ce, Ustaza Nora, mai gilashi, ba ta da fara'a ba ta kuma da wulaƙanci. Ta shimfiɗa takarda uku a kan tebur.

"Wannan bashinki ne," in ji ta. "Riyal dubu goma sha biyu. Kin faɗa, na gani. Abin da ba ki faɗa ba, wata huɗu ba ki biya ba."

"Aikina ne ya tsaya, Ustaza."

"Na sani. Wannan ta biyu, ranar da kuɗin suka shigo asusunki, washegari suka fita gaba ɗaya zuwa Nijeriya, ga wani Mukhtaru Aliyu."

"Ɗan yayar Ummina ne. Injin casar shinkafa ya saya. Ummi ce ta roƙe ni, ita ba za a ba ta rance ba."

Ustaza Nora ta cire gilashi ta dube ta tsawon lokaci. Sannan ta turo mata takarda ta uku. Tsohuwa ce, daga fayil ɗin iƙamar Zubaidatu, da rubutun hannun marigayi Dawuda, wanda Shifa za ta gane ko a cikin dubu. A gurbin 'ya'yan matar, ya rubuta suna biyu. Na farko Mukhtaru Aliyu, mazaunin Nijeriya. Na biyu Shifa.

Shifa ta karanta sau uku.

"Ki saurare ni," in ji Ustaza Nora. "Bashi shi kaɗai ba ya hana mutum aikin nan. Rabin ma'aikatanmu ana bin su kuɗin mota. Dangi a waje ma ba laifi ba ne, Makka ce, wa ba shi da su? Abin da muke dubawa, ko akwai inda za a kama mutum a matsa masa. Mai bashin da ya gagare shi, wani zai iya zuwa ya ce ga kuɗi, ba ni sunayen alhazai ɗari. Mai ɓoye ɗan'uwa, wani zai iya cewa zan tona. Ke kuma ga bashi ya tsaya, ga kuɗin sun tafi waje, ga wanda ya karɓa yayanki ne kin rubuta ba ki da shi. Ki zauna a kujerata ki gaya mini me za ki gani."

"Wallahil azim ban sani ba."

"Shekara ashirin da shida uwa ba ta taɓa gaya miki tana da ɗa ba?"

Ustaza Nora ta ce ta ba Shifa kwana goma sha huɗu. Ta kawo shaidar ta biya abin da ya taru. Ta kuma zo da mahaifiyarta, ta faɗa da bakinta, a ɗauka a rubuce, wane ne wannan mutum da sunansa, da dalilin da 'yarta ba ta sani ba. In kwanakin suka wuce, za a rufe fayil da kalmar "ta ba da bayanin ƙarya". Wannan kalma kuwa, 'ya'yana, ba a kamfani ɗaya take tsayawa ba. Duk inda aka nemi tantancewa nan gaba, tana can tana jiran mutum.

A tasi Shifa ba ta yi kuka ba. Ta dai ƙudurta a ranta cewa wannan kalma ba za ta zauna a jikin sunanta ba, ko da aikin bai samu ba.

Ta tarar da uwarta a kicin tana wanke shinkafar masar gobe. Ko abaya ba ta cire ba.

"Ummi, wane ne Mukhtaru?"

Hannun Zubaidatu ya tsaya a cikin ruwa. "Yaron gidan Ɗaso mana. Yau kika fara jin sa?"

"Wa ya haife shi?"

"Miƙo mini matacin can."

"Ya Ummi, wa ya haife shi?"

"Ke, ana shigowa gida da sallama. Ki je ki yi la'asar, an kira tun ɗazu."

Ta juya mata baya, ta buɗe famfo da ƙarfi. Shifa ta zuba mata Larabci kamar ruwan kwando, ta faɗi kamfani, ta faɗi fayil, ta faɗi kwana goma sha huɗu. Zubaidatu ta ji duka. Da aka zo kan bashi ta juyo da sauri ta ce wannan nata ne, ita ta jawo, ita za ta san yadda za ta yi. Da aka koma kan Mukhtaru sai ta koma kan shinkafarta.

Washegari da hantsi Shifa ta nufi Mansur, wajen Khala Khadijatu, wato Inna Khadijatu da Larabci, aminiyar uwarta, mai sayar da yaji da kuka da daddawa a wani ɗan shago kusa da masu ɗinki. Ta zayyana mata komai. Khala Khadijatu ta ajiye mudun da ke hannunta, ta riƙe haɓa, sai kuma ta fashe da dariya har da hawaye.

"La ilaha illallahu! Yanzu ke duk faɗin Makka ke kaɗai ce ba ki sani ba? Har mai wankin motocin layin nan ya sani!"

"To me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Wa zai gaya miki abin da kowa ya ɗauka kin sani? Zauna nan, 'yar Larabawa, in koya miki. Ɗan fari ne. Uwarki ta yi aure a gida kafin babanki, mijin ya rasu yaron yana goye. Da aka yaye shi Ɗaso ta ɗauka, haka ake yi. A wajenmu mace tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta cewa ɗana, ko kuka yake a gaban mutane sai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. Ni nan da kike gani, nawa yana Jidda da 'ya'ya biyar, kin taɓa ji na ambace shi? Sai dai in ce mai gidan Jidda."

"Ba ta son sa ne?"

"Ba ta son sa? Masar da take tuyawa tun kina rarrafe, ina kike zaton rabin kuɗin ke tafiya? Ta sa ki ci bashin dubu goma sha biyu don ɗan yayarta? Ke ma dai, da karatunki."

Shifa ta ce, "Khala, mai binciken ta ce sai Ummi ta faɗi sunansa da bakinta."

Dariyar Khala Khadijatu ta ɗauke. "Tabɗi. Wannan kuma aiki ne. Kuɗi dai da sauƙi. Muna da jam'iyya, adashin nan namu na mu takwas, ɗari uku-uku. Kwasar watan nan tawa ce, ta uwarki sai bayan Hajji. Mu yi musanya, ta ɗauka yanzu. Nawa ne ya taru?"

"Dubu biyu da ɗari huɗu."

"Kamar an auna. Amma sunan nan, ki yi ta addu'a."

Cikin kwana huɗu maganar kuɗi ta ƙare. Zubaidatu da kanta ta bi matan jam'iyya gida-gida a cikin ranar Makka, ta karɓo, ta ƙulle a leda ta damƙa wa 'yarta ba tare da ta dube ta ba. Shifa ta kai wa masu rancen, ta zauna awa biyu a layi, ta ƙi tashi sai da suka ba ta takarda mai hatimi cewa ba a bin ta na baya, da jadawalin abin da ya rage.

A rana ta shida ta ɗauki wayar uwarta. An ajiye lambar Mukhtaru da sunan "Gidan Ɗaso 2". Ta kwafe, ta fita kan matakala ta kira. Aka ɗauka, ƙarar inji ta cika kunnenta, sannan aka kashe shi.

"Salamu alaikum. Shifa ce, daga Makka."

"A'a! Autar Yaya! Yau da kanki? Lafiya dai? Yaya tana lafiya?"

Yaya yake ce wa uwar da ta haife shi. Shifa ta rasa ta inda za ta fara, sai ta faɗa masa a tsaye, cewa sai a satin nan ta san shi yayanta ne. Mukhtaru ya yi dariya, ya ce shi tun yana ɗan shekara goma sha biyu wata tsohuwa ta gaya masa a gidan biki. Da ta kai kan bashi kuwa, dariyar ta tsaya.

"Rance ne? Yaya ta ce mini tarin da ta yi ne. Wallahi da na san da sunanki aka ci, da ban taɓa ba. Bari in sayar da injin in turo."

"Kar ka sayar, kar kuma ka turo ko sisi yanzu. Kuɗi daga waje a wannan satin, wata tambayar ce sabuwa. Hoton katinka na ɗan ƙasa nake so, da rasit ɗin injin."

"Kafin azahar za ki gani." Sannan ya ce, "Sun ce sai ta faɗi sunana?"

"Haka suka ce."

"Kar ki matsa mata, Auta. Ni shekarata talatin da takwas ban taɓa ji ba, ban kuma mutu ba."

"Ni kuma in ba ta faɗa ba an rubuta ni maƙaryaciya, Yaya."

Kalmar ta fito mata da kanta. Can ɓangaren sai ta ji ya ja hanci ya ce ƙurar shinkafa ce.

Saura kwana takwas, Shifa ta daina faɗa. Ta lura faɗa ba ya motsa uwarta. Sai ta shiga tashi da asuba tana taya ta tuya, abin da ba ta taɓa yi ba, tana ƙona yatsu a tanda. Kullum idan sun juye kaskon ƙarshe sai ta ce, "Ummi, saura kwana bakwai." Gobe ta ce shida. Ba ta ƙara komai a kai.

Zubaidatu ta kawo dabaru. Ta ce Khadijatu ta je ta faɗa a madadinta. Shifa ta kira Ustaza Nora a gabanta, aka ce a'a. Zubaidatu ta ce to a rubuta, ita ta dangwala yatsa. Aka ce sai an ji daga bakinta, don ba takarda ake tuhuma ba, maganar Shifa ake son a gaskata. Ta ce to ta ce "mai sunan liman na unguwarmu". Shifa ta ce kwamfutar kamfani ba ta san limamin Ɗambatta ba.

Ana saura kwana biyu, Zubaidatu ta ajiye cokalin juya masa ta ce, "Ke ba ki san abin da kike nema ba. Uwata har ta koma ga Allah ba ta kira sunan babban wanmu ba. A gadon asibiti tana neman sa, sai dai ta ce ina wancan. Ni ce zan zo in zauna gaban baƙuwa in buɗe baki? Da wane ido?"

"Ummi, ina aji uku na ɗauki riyal biyar a jakarki na ce ban gani ba. Kin tuna abin da kika yi mini?"

"Na tuna."

"Kin ce gidan nan ba a ƙarya. To ga shi an kusa rubuta mini ita da hatimi, a kan abin da ban sani ba. Jibi ƙarfe tara zan tafi Shisha. In kin zo, alhamdu lillahi. In ba ki zo ba, zan je ni kaɗai in faɗi gaskiyata, su rubuta abin da za su rubuta. Ba zan ja ki ba, ba kuma zan fasa ba."

Zubaidatu ta ɗauki cokalinta ta koma kan tanda.

Ranar da aka sa, Shifa ta fito daga ɗaki ƙarfe takwas da fayil a hannu. Kicin a share, ba a kunna wuta ba. Uwarta tana zaune a bakin ƙofa cikin abayarta ta zuwa Harami, da takalmi a ƙafa.

"Kin tsaya kallona, ko za ki nemo mana tasi?"

A ofis Ustaza Nora ta duba takardar masu rance, ta duba rasit ɗin inji da katin Mukhtaru, ta gyaɗa kai. Sannan ta kunna na'urar ɗaukar magana ta juya ga Zubaidatu.

"Ya Khala, 'ya'yanki nawa?"

Zubaidatu ta ɗaga yatsu biyu.

"Na'urar ba ta gani. Ki faɗa."

"Biyu."

"Sunan na farko?"

Ana jin ƙarar na'urar sanyi. Shifa ta dunƙule hannu a cinya, ta hana kanta duban uwarta. Zubaidatu ta dubi ƙofa, ta dubi ƙasa. Sai ta kama kujerarta ta juya ta gaba ɗaya, ta fuskanci bango, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ustaza Nora ta buɗe baki za ta yi magana, Shifa ta ɗaga mata hannu a hankali.

"Mukhtaru," in ji Zubaidatu, da murya kamar ta mai zazzaɓi. "Mukhtaru ɗan Aliyu. Ni na haife shi."

Shifa ta zaci shi ke nan. Ashe yanzu bakin ya buɗe. Tsohuwar nan tana fuskantar bango ta ci gaba, Larabcin kasuwa yana ƙare mata tana komawa Hausa, Shifa tana fassarawa. Ta ce ranar Talata aka haife shi, ana tsakiyar girbin gero. Ta ce yana da tabo a gwiwar hagu, garwashi ne. Ta ce ranar da Ɗaso ta goya shi ta tafi, ita tana daka, ba ta ɗaga kai ba don surukai suna tsakar gida. Ta ce yarinyar nan ba ta sani ba, ba wanda ya gaya mata, kuma rancen ita ta sa ta.

Ustaza Nora ta daɗe da daina bugawa a kwamfuta. Ta ce, "Ya Khala, me ya sa ba ki taɓa faɗa mata ba?"

"Kunya ce. Haka muka tarar."

"Kunyar me? Ɗan halak ne."

"Shi ya sa," in ji Zubaidatu. "Ki rubuta haka nan, ba zan iya fassara miki ba."

Ustaza Nora ta rubuta haka nan. Ta ciro sabon shafi ta ba Shifa ta sake cike gurbin 'yan'uwa. Ta ce ba ta yi alkawarin komai ba, kwamiti ne ke yankewa, amma kalmar ƙarya ba za ta shiga fayil ɗin ba. Zubaidatu ta miƙe, ta mayar da kujera yadda ta same ta, ta ce wa 'yarta su yi sauri, yau mai shagon Mansur bai ga masa ba, yana can yana zaginta.

Bayan wata ɗaya kamfanin ya ɗauki Shifa, amma a teburin amsa kiran alhazai, da sharaɗin ta biya wata shida a jere ba fashi, kuma duk kuɗin da za ta tura waje ta sanar. Ta cika sharaɗin, aka mayar da ita sashen bayanai, tana can har yanzu. Bashin ya ƙare a shekara ta biyu, rabinsa Mukhtaru ne ya biya daga casar shinkafa, ta banki, da sanin ofis. Khala Khadijatu ta yi kwasarta bayan Hajji. Ɗaso ta rasu a damina ta gaba. Mukhtaru ya zo Umara da azumi ya sauka a Utaibiyya kwana goma sha biyu, Zubaidatu ta dafa masa duk abin da ta iya, kuma ba ta sake kiran sunansa ba.